Daga Sakudo Zuwa Shindo: Abin da Na Gani a Ƙarƙashin Gonakin Japan

Kwana uku da saukarmu a filin jirgin sama na Narita, bayan doguwar tafiya daga Abuja ta Adis Ababa, aka kai mu wata gona a bayan birnin Tsukuba, aka miƙa wa kowannenmu shebur da takalmin roba. Malaman gona ne mu daga ƙasashen Afirka daban-daban, kuma ni kaɗai ne Bahaushe a cikin ayarin. Na zo da zaton injuna za a fara nuna mana, domin da su muka san Japan a gida, sai ga shi dattijon da aka haɗa mu da shi, wanda kowa ke kira sensei, wato malam, ya shata murabba'i a ƙasa da tsinin sandarsa ya ce mu tona rami mai zurfin mita ɗaya. Watan Oktoba ne, an gama girbin shinkafa, sanyi ya fara leƙowa, amma kafin mu kai rabin ramin na tuɓe rigar sanyina na rataye ta a kan shinge.

Da ramin ya kammala, dattijon ya shiga ciki da wani ɗan cokali irin na magina, ya kankare bango ɗaya har ya yi sumul, sannan ya ja da baya ya bar mu muna kallo. Ƙasar ta fito hawa-hawa kamar an jera tabarmi. Na sama baƙi ne ƙirin, mai laushi, wanda yatsa ke nutsewa a cikinsa, kuma kaurinsa bai kai taƙi ɗaya ba. Shi ne suke kira sakudo, ƙasar da garma ke taɓawa a kowace shekara, wadda taki da saiwar amfanin gona ke zaune a cikinta. Can ƙasa, inda launin ya juye zuwa ja-ja mai ɗan duhu, sunan wurin shindo, kuma tafintarmu ta bayyana mana cewa harafin farko na kalmar yana nufin zuciya ko tsakiyar abu, don haka ma'anarta ita ce ƙasar zuciya, wadda garma ba ta kaiwa gare ta. A tsakanin waɗannan biyu kuwa akwai wani siririn hawa da ido ba ya saurin rabewa, sai da aka ba ni wuƙa na soka a sama ta shige salin-alin, na soka a wurin ta tsaya cik kamar na taɓa daɓe. Wannan shi ne koban, farantin noma, wanda nauyin tarakta da gugar wuƙaƙen inji ke dannewa shekara da shekaru har ya hana saiwa da ruwa wucewa.

Ba su barin taurin ƙasa ga hasashen hannu. Suna da wani ma'auni ɗan ƙarami mai tsini da ake kira ma'aunin Yamanaka, ana danna shi a bangon rami, ƙasar ta ture tsinin baya, a karanta adadin da milimita. Sensei ya ce ƙa'idar da ma'aikatar gonarsu ta shimfiɗa ita ce kaurin sakudo ya kai santimita 15 ko fiye a gonar shinkafa, santimita 25 ko fiye a gonar tudu, kuma idan ma'aunin ya wuce milimita 22 a gonar tudu, to saiwa ta fara shan wahala. Na danna shi a kan koban ɗin ramin namu, ya haura wannan adadin, dattijon ya gyaɗa kai kamar likitan da cutar da yake zato ta tabbata.

Baƙin ƙasar ya ruɗe ni, domin a wurinmu baƙar ƙasa alamar albarka ce, har na faɗa da bakina cewa mai irin wannan gona ba shi da buƙatar taki. Aka yi mini dariya cikin ladabi. Sunan wannan ƙasa kuroboku, ta samo asali ne daga tokar duwatsu masu aman wuta irin su Fuji da Asama wadda ta gauraya da ruɓaɓɓiyar ciyawa ta dubban shekaru, kuma ta rufe kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙasar Japan. Tana da sauƙin noma, ba ta da nauyi a hannu, amma tana da rowa ta musamman: sinadarin nan da muke samu a takin sufa, da zarar ya shiga cikinta sai ta riƙe shi gam ta hana shuka sha. Saboda haka manoman da can ba su ɗauke ta a bakin komai ba, sai bayan da takin zamani ya wadata sannan darajarta ta fito. Abin da ya ƙara ba ni mamaki shi ne sunan da masana ƙasa na duniya ke kiran irinta da shi, Andosol, wanda na haddace a makaranta a Zariya ba tare da sanin asalinsa ba, ashe daga Japananci aka aro shi: an na nufin duhu, do kuma ƙasa.

A ranar ce na yi wani kuskure da ya koya mini yadda harshen yake. Na ji suna ta maimaita shinko, wato noma mai zurfi, irin abin da za mu kira kaftu mai zurfi, sai na ɗaga hannu na ce na gane, shinko shi ne noman shindo, tunda duka biyun da shin suka fara. Tafintar ta karɓi littafina ta rubuta haruffa biyu gefe da gefe, ba su ko yi kama ba. Na shindo zuciya ne, na shinko zurfi ne, furucinsu kawai ya zo ɗaya. Haka ma kalmar suki, a baki tana nufin shebur irin na tona ƙasa, tana kuma nufin garmar da dabba ke ja, sai a rubuce ake bambanta su. Daga nan na daina dogara da kunnena, duk kalmar da na ji sai na roƙi a rubuta mini ita a fasa ta gida-gida.

Washegari muka tona rami na biyu, a gonar shinkafa wannan karon. Japanawa sukan raba abin da muke kira gona gida biyu; wadda ake tara wa ruwa ta shinkafa sunanta "ta", wadda ba a tara wa ruwa sunanta hatake, kuma harafin hatake haɗin wuta ne da gona, abin da ya tuna mini da ƙonan sassabe. A cikin ramin nan ma mun tarar da hawa mai tauri a ƙarƙashin sakudo, launinsa toka-toka da ɗigon tsatsa. Na yi wuf na ce koban, ina jin na iya darasi. Manomin da ke da gonar, wani tsoho da ya haura shekara saba'in, ya girgiza kai ya ce sukidoko, wato daɓen garma, kuma ya faɗi kalmar da wata irin murya ta mai nuna abin alfahari. Ya ce kakansa ya gada, shi ma ya gada, kuma idan aka fasa shi ruwan gonar zai zurare cikin dare ɗaya, injin dashe ya nutse har gindi. Kowace bazara, bayan an yi taokoshi, wato tayar da gona daga barcin hunturu, sai a sako ruwa a yi shirokaki, a dama taɓon har ya yi laushi kamar kunu, ƙananan ƙwayoyin laka su kwanta su toshe duk wata kafa.

Na daɗe a tsugune a bakin wannan rami, domin abu ɗaya ne a zahiri, tauri ɗaya, zurfi kusan ɗaya, amma a gonar tudu cuta ne da ake neman maganinsa, a gonar shinkafa kuwa gado ne da ake tattali. Na tuna manoman shinkafa na Kadawa da Kura, waɗanda nake yawan ji suna kukan cewa fangalinsu ba ya riƙe ruwa, kuma a duk shekarun da na yi ina ba su shawara ban taɓa tambayar kaina abin da ke ƙarƙashin taɓon ba. Rikicin da Japanawa suka shiga da wannan daɓe ya zo ne tun farkon shekarun 1970, lokacin da shinkafa ta yi musu yawa gwamnati ta sa manoma su rage ta, su shuka waken suya ko alkama a wasu gonakin. Daɓen da ke riƙe wa shinkafa ruwa shi ne ke ruɓar da saiwar wake, don haka sai aka koma fasa shi. Wannan aiki sunansa shindo hasai, farfasa ƙasar zuciya: tarakta na jan wani dogon haƙorin ƙarfe da ke tsaga ƙasa daga ciki ba tare da ya juyo da ita sama ba. Sukan haɗa shi da ankyo, magudanar ruwa ta ƙarƙashin ƙasa, wadda ake shimfiɗa bututu mai huji-huji a cikinta a lulluɓe shi da ɓuntun shinkafa, abin nan da muke tarawa tsibi-tsibi a bayan injinan casa muna cinna masa wuta.

Sha'awar zurfi ba sabuwa ba ce a wurinsu. Tun zamanin Edo, wato ƙarnukan da suka gabaci 1868, suke da wata fartanya mai haƙora uku ko huɗu, bitchu-guwa, wadda ke shiga ƙasa mai nauyi fiye da fartanya mai faɗin baki. Na gwada ta, kuma ta fi kama da cokali mai yatsu da aka ƙera wa ƙato. Wani masanin gona Bajamushe, Max Fesca, wanda ya zo Japan a 1882, ya lissafa rashin zurfin noma cikin manyan raunin aikin gonarsu, tare da rashin magudanar ruwa da ƙarancin taki. A daidai wannan zamani wani manomi daga Fukuoka, Hayashi Enri, ya riƙa tura almajiransa sassan ƙasar suna koyar da noman doki da wata garma marar gindi wadda mai noma ke rungumewa a tsaye, mai wahalar riƙo amma mai shiga ƙasa sosai. Sensei ya ƙara da cewa injin kaftu na zamani mai wuƙaƙe masu juyawa, wanda ya sauƙaƙa aiki ya hutar da bayan manomi, shi ne kuma ya sake mayar da sakudo siriri a gonaki da yawa, domin saurin aiki da tsimin mai ba su son zurfi.

Kalmar da ta fi tsaya mini a rai na same ta ne a gindin dutsen Fuji. Mun je ƙauyen Subashiri a wata ranar Asabar, inda ƙasar gefen hanya take cike da baƙar tsakuwa marar nauyi mai kama da gawayi. A watan Disambar 1707 dutsen ya yi aman wuta na kusan mako biyu, tokarsa ta kai har Edo, birnin da ya zama Tokiyo, kuma a Subashiri abin da ya zubo ya kai zurfin kusan mita uku. A ƙauyukan da suka ɗan fi nisa, inda tokar ba ta kai haka ba, manoma suka yi abin da ake kira tenchi-gaeshi, wanda ma'anarsa ita ce juya sama da ƙasa, ten sama, chi ƙasa. Mutum zai tona dogon kwari ya ratsa tokar har ya iske tsohuwar ƙasar gonarsa, ya kwaso ta ya ajiye gefe, ya tura tokar cikin kwarin, ya mayar da ƙasar kirki a kanta, sannan ya matsa gaba ya sake wani kwarin, haka har iyakar gona, da fartanya da kwando. An nuna mana hoton wani bango da masu binciken kayan tarihi suka tono a garin Yamakita, inda baƙar tokar ke jere a cikin ƙasa layi-layi kamar haƙoran mataji. Jami'in da gwamnatin wancan lokaci ta ɗora wa aikin farfaɗo da yankin, Ina Tadanobu, har yau mutanen Subashiri suna girmama sunansa, sun kuma keɓe masa wurin tunawa. A yau mai ɗan lambu a bayan gida ma yakan ce zai yi tenchi-gaeshi a hunturu don sanyi ya kashe masa ƙwari, yana faɗar kalmar kamar ba komai ba, alhali ni da na ga hoton nan ban ƙara jin ta da sauƙi ba.

A mako na uku muka tashi zuwa tsibirin Hokkaido a arewa, inda gonaki ke da faɗi kamar ba a Japan ba, kuma dusar ƙanƙara ta riga ta sauka a kan duwatsu. A garin Kamifurano akwai wani gidan tarihi da aka keɓe wa ƙasa da garma kaɗai, sunansa Tsuchi no Yakata, wanda wani kamfanin ƙera garma ya gina. Abokan tafiyata sun ruga wurin tsofaffin taraktoci suna ɗaukar hoto, ni kuwa wani bangon ƙasa mai tsawon mita huɗu, da aka yanko daga wata gona ta yankin aka tsayar da shi, shi ya tsayar da ni. A ranar 24 ga Mayun 1926 dutsen Tokachi ya yi aman wuta, zafin ya narkar da dusar ƙanƙarar da ke kansa, taɓo da itatuwa suka gangaro kan gonaki, mutum 144 suka mutu ko suka ɓace. Taɓon na da ƙibiritu, yana da tsami, shuka ba ta rayuwa a cikinsa, har wasu suka ba da shawarar a bar wurin. Waɗanda suka ƙi tashi suka kwashe itatuwan, suka riƙa ɗauko ƙasa daga wani wuri suna zubawa a kai. A bangon ana ganin tsohuwar gonar a ƙasa, taɓon bala'in a kanta, sannan sabuwar ƙasar da aka kawo, wadda noman shekaru ya mayar da ita sakudo.

Wannan ƙasar da ake kawowa sunanta kyakudo, kuma kyaku na nufin baƙo, don haka baƙuwar ƙasa ke nan. Na ji daɗin kalmar ƙwarai, wataƙila saboda mu ma mutane ne masu girmama baƙo, ga shi kuma ta tuna mini da jakunan da a da ke fita daga birnin Kano da mangalar toka da shara zuwa gonakin karkara, ko da yake namu taki ne ake kaiwa, nasu kuwa jikin ƙasar ne dungurungum. A yankin Shinotsu na filin Ishikari, inda ƙasar ta kasance tarin ruɓaɓɓun ciyayin fadama ne mai shan ruwa kamar soso, da baƙuwar ƙasa aka mayar da wurin gonakin shinkafa: da farko dawaki ne ke jan ta a kan ƙanƙara lokacin hunturu, daga baya aka shigo da injuna, da taimakon bashin Bankin Duniya na 1956. A gaɓar kogin Kurobe da ke lardin Toyama a babban tsibirin Japan kuwa, daga 1951, ruwa aka sa ya yi dakon, aka riƙa narkar da jar lakar tudu ana sako ta cikin magudanan ban ruwa ta shiga gonaki masu tsakuwa ta kwanta da kanta.

Ba mu je Fukushima ba, amma wata malama da ta yi aiki a can bayan haɗarin tashar nukiliya na watan Maris na 2011 ta zo ta yi mana bayani, kuma duk kalmomin da na tara suka dawo a bakinta. Gubar siziyom da ta sauka a gonaki ta maƙale wa laka a santimita kaɗan na sama. Inda ta yi yawa, kamar ƙauyen Iitate, aka kankare wajen santimita biyar na saman gona aka ɗure a manyan baƙaƙen buhuna, aka kawo kyakudo daga tudu aka maye gurbinsa. Inda ba ta yi yawa ba aka yi hanten-ko, noman kifewa, garma ta juya saman ƙasar ta binne shi a zurfin da saiwa ba ta cika kaiwa ba, wato tenchi-gaeshi da tarakta. Ta ce abin da ya fi ƙona wa manoma rai shi ne ganin sakudo da iyaye da kakanni suka gina yana tafiya a bayan mota, aka bar su da ƙasa marar ƙarfi da za su fara ciyarwa daga farko. Aikin gina ƙasa ma suna da sunansa, tsuchi-zukuri, ƙera ƙasa, kamar yadda ake ƙera tukunya ko gida.

Daren da za mu rabu, sensei ya tambaye ni sunayen ƙasa a harshena. Na jero masa jigawa da fadama da laka da turɓaya da fako da jangargari, yana rubutawa da haruffansu yana maimaitawa. Da na gama sai na lura duk sunayen da na kawo na abin da ƙafa ke takawa ne, suna bambanta wannan fili da wancan, babu ko ɗaya da ke sauka ƙasa, sai na gaya masa cewa ga alama mu a kwance muke kallon ƙasa, su kuwa a tsaye. Bai amsa wannan ba, sai ya tambayi kaurin ƙasar kirki a jigawarmu da irin iskar da ke kaɗawa kafin damina. Da na gaya masa, ya ce kada in kuskura in koma gida in ce wa manomin gero ya yi tenchi-gaeshi, domin zai binne ɗan abin da yake da shi ya fito da rairayi marar rai, iska kuma ta kwashe sauran. Na yarda da shi, kuma har yanzu ina ganin huɗar da ke tara ƙasar sama a kunya ta fi dacewa da jigawa fiye da duk wata garma mai zurfi da za a sayar mana.

Ba a barin matafiyi ya ɗauki ƙasa daga wata ƙasa zuwa wata, don haka littafina kaɗai na dawo da shi, da tabon kuroboku a shafinsa na huɗu. Mako biyu da dawowata na ɗauki shebur na tafi gonar gidanmu na fara tona rami mai zurfin mita ɗaya. Ƙanin mahaifina, wanda ya yi shekaru yana haƙar rijiya kafin ƙarfinsa ya ja baya, ya zo ya tsaya a kaina da sandarsa.

"Kai kuma lafiya? Rijiya za ka yi mana a tsakiyar gona?"

"A'a Baffa, so nake in ga abin da ke ƙarƙashi."

Ya leƙa ramin ya ce ai da na tambaye shi da ya hutar da ni. Ya ce turɓayar nan ba ta wuce taƙi ɗaya ba, daga ita sai jar ƙasa irin ta gini, idan na ci gaba zan iske tsakuwa, sannan marmara wadda sai da diga, kuma a wannan yankin sai an yi gaba da yawa kafin a taɓa yumɓu da jiƙaƙƙen rairayin da ke nuna ruwa ya kusa. Na fito daga ramin na kakkaɓe hannuna, na buɗe littafin a shafin da ke fuskantar sakudo da shindo, na ce ya sake faɗa mini su a hankali daga sama zuwa ƙasa.